Kitsen da Ke Cikin Jinin Mamman Direba

Jiya na ji ɗayanku a bakin famfo yana gaya wa ɗan'uwansa wai aikin nan namu ba ya buƙatar kai: ka soka allura, ka ɗura jini a inji, inji ya tofo takarda, ka miƙa wa mai ita. Ban tanka ba, don alwala ce ta kai ni wurin. To yau ga shi an ɗauke wuta, injin naku mai tofo takarda ya yi tsit, ku kuma kun yi zugum kowa yana latsa waya. Ku jawo bencin nan ku zauna. Ba zan faɗi sunan wanda ya yi maganar ba, amma shi ne mai farar rigar da har yau ko ɗigon jini bai taɓa ta ba.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a wankin kwalabe ne. A wani asibiti a Katsina na koya, a hannun wani dattijo, Malam Tukur, Allah ya jiƙansa. Na je masa da takardar makaranta ina taƙama, ya karɓa ya ajiye ko buɗewa bai yi ba, ya nuna mini baho cike da 'yan kwalaben gwaji da ɗan burushi. A lokacin ba a yar da kwalba don an yi aiki da ita sau ɗaya, kamar yadda kuke yi yanzu. Sai ka wanke, ka ɗauraye, ka sake ɗaurayewa da tataccen ruwa, ka kife ta bushe. Malam Tukur yakan ɗauki ɗaya ya ɗaga ta saitin taga. In ya ga dishi-dishin sabulu ko shatin yatsa, ba ya yin faɗa, sai dai ya juye su duka cikin bahon ya koma kujerarsa. Na daɗe ina wannan wanki kafin ya gaya mini dalili. Ya ce mai auna kitsen jini, in kwalbarsa tana ɗauke da maiƙon hannunsa, to nasa kitsen yake aunawa yana rubuta wa bawan Allah.

Kayan aikinmu na wancan zamani, in kun gan su yau sai ku ce na masu markaɗe ne. Akwai injin juya jini na hannu, ana ɗaure shi a bakin tebur, ka yi ta juya mariƙinsa har kafaɗa ta yi tsami, sannan jinin ya rabu, jan ya kwanta ƙasa, ruwansa ya taso sama. Akwai siririn bututun gilashi da muke zuƙo sinadarin gwaji da shi da baki. An hana wannan yanzu, kuma an kyauta, don na san ɗanɗanon abubuwan da bai kamata ɗan'adam ya sani ba. Akwai kwanon ruwan ɗumi da ma'aunin zafi tsaye a cikinsa, sai ruwan ya yi daidai da ɗumin jikin mutum kafin ka jera kwalabe. Sai wani ɗan akwati mai allura kamar ta agogon mota. Sinadarin in ya gamu da kitse sai ya rine, gwargwadon yawan kitsen gwargwadon duhun rinin, allura ta nuna maka, sauran lissafi kuwa kai da bironka.

Abin da Malam Tukur ya fi matsa mini a kai shi ne kada in yarda da inji kafin in gwada shi. Akwai wani ruwan jini da ake sayarwa a 'yar kwalba, wanda an riga an san yawan kitsen da ke cikinsa. Shi za ka fara aunawa da safe. In inji ya faɗi gaskiya a kansa, sai ka ba shi jinin mutane. In ya yi ƙarya a kan abin da ka sani, yaya za ka gane ƙaryarsa a kan abin da ba ka sani ba? Kuma ya ce kafin inji ya ga ruwan jini, idonka ya fara gani. Na lafiyayyen mutum da ya kwana bai ci komai ba garai yake, ɗan rawaya-rawaya kamar tataccen man gyaɗa.

Da na dawo gida Jibiya na buɗe ɗan wannan ɗaki kusa da tasha, ba kitse ne ya riƙe ni ba. Zazzaɓin sauro ne, da taifod, da ciwon suga, da gwajin masu ciki. Masu zuwa kuwa direbobi ne da 'yan dako da fataken hatsi da na dabbobi, rabi daga nan, rabi daga Maraɗi. A wurinsu kitsen jini ciwon masu kwana a ɗaki mai sanyi ne. Sai a hankali likitoci suka fara rubuto shi, musamman ga masu hawan jini, ni kuma na koyi yadda zan yi bayaninsa ga mutumin da bai damu da sunan Turanci ba. Nakan ce akwai mugun kitse, shi ne mai mannewa a bangon jijiya yana tsuke hanya. Akwai kitsen kirki, shi ne mai shara, yana kwashe mugun yana kai wa hanta. Akwai kuma maiƙo, wanda ke hawa da sauka gwargwadon abin da ka ci. Direba ba ya buƙatar fiye da haka, don ya san abin da datti ke yi wa bututun mai.

Jinin da na fi daɗewa ina aunawa a duniya na Mamman ne. Mamman taubashina ne, ɗan gwaggona da aka aurar Maraɗi, direban babbar mota mai ɗaukar wake da albasa tsakanin can da nan. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. Ni ina ce masa bawana, tunda shi ɗan mace ne, shi kuma tun ranar da ya ji aikin da na koya ya raɗa mini suna Maye, har yaran tasha suka ɗauka sunana ke nan. Dogo ne siriri, in ya tsaya a gefe sai ka neme shi. Wani likita ne ya ga jininsa ya hau, ya rubuta masa gwajin kitse, shi kuma ya kawo mini takardar yana riƙe da ita da yatsa biyu kamar sammaci.

Na ce masa ya ci tuwonsa na dare ya rufe baki, ya zo da safe bai ci komai ba sai ruwa. Ya zo kuwa. Na tambaye shi ko ya karya, ya rantse bai ci komai ba. Na ɗaura masa roba a damtse, ya kau da kai yana salati, mutumin da ke bin hanyar Maraɗi da tsohuwar mota marar birki mai kyau. Da na juya jinin, ruwan da ya taso fari ne kamar an dama farau-farau. Na ɗaga kwalbar na nuna masa, na ce ko dai ya faɗa mini abin da ya ci, ko in karanto masa daga ciki.

Ya ce, "Maye, shayi hwa ba abinci ba ne."

Ashe shayin da madara ya sha mai kauri, aka soya masa ƙwai, ya bi da waina da man shanu, wai don kada ya faɗi in an zare masa jini. Na sani yanzu ana koya muku cewa ba kowane gwajin kitse ne sai da yunwa ba, kuma gaskiya ne. Amma in daga maiƙo za ka lissafo mugun kitse, kamar yadda muke yi a nan, mutum kuma ya shafe cikinsa da man shanu, lissafinka ya tafi a banza. Shi ya sa nake cewa ku tambaya, in an amsa ku sake tambaya ta wata hanyar. Kada ku ce, ka ci abinci? Ku ce, mai shayin ya buɗe da ka biyo?

Washegari ni na je na ɗauko shi daga masallaci kafin ya biya ta wurin mai shayi. Ruwan jinin ya fito garai, na ji daɗi. Da na auna kuwa, mugun kitsensa ya kai inda ban cika gani ba ko a wurin masu tumbi. Na sake aunawa, ya sake ba ni abu ɗaya. Na gaya masa ni ba likita ba ne, ba na rubuta magani, amma ya koma wurin wanda ya aiko shi yau ba gobe ba. Ya dubi cikinsa da ya lafe, ya dubi nawa da ya fara leƙowa, ya ce in akwai mai kitse a ɗakin nan ai kowa ya san wane ne. Ya dai je, an ba shi ƙwaya, ya sha kwali ɗaya, da bai ji wani canji ba sai ya watsar. Matsalar wannan ciwo ke nan. Mai zazzaɓi yana jin magani yana aiki. Mai kitsen jini kuwa kafin magani lafiya yake ji, bayan magani ma lafiya yake ji, sai ya ga kamar ana yi masa wayo.

Ranar da abin ya same shi ana yi masa lodin wake ne a Magama, nan bakin iyaka, da hantsi. Yana tsaye yana nuna wa 'yan dako inda za su jera buhuna, sai ya ji kamar an ɗora masa ɗaya a ƙirji. Gumi ya karyo masa, ciwon ya bi hannun hagu ya hau har muƙamuƙi. Direbobi ba su san wani asibiti ba sai ɗakina, nan suka kawo shi a kan babur, an sa shi a tsakiya. Ina ganinsa ban ko taɓa allura ba, na tsayar da mota muka nufi Katsina. Ku riƙe wannan ma: akwai ranar da gwanintarka ita ce ka san ba aikinka ba ne. Daga Katsina aka tura mu Kano, wurin wata likitar zuciya. Dangi na nan da na can suka yi karo-karo, aka yi masa aiki.

Ba a tsaga shi ba, abin da ya fi ba shi mamaki ke nan. Ta jijiyar wuyan hannu aka zura siririyar waya har zuciya, aka sami inda hanyar jini ta toshe, aka buɗa ta, aka bar wata 'yar ragar ƙarfe a wurin don ta tokare bango. Likitar ta nuna mana irinta, ba ta wuce ɗan sufirin nan, murɗaɗɗiyar wayar da ke cikin biro, ba. Mamman ya dawo Jibiya yana nuna wa kowa ɗan tabon hannunsa, yana cewa an sauke masa inji an ɗora sabo, yanzu shi da tsire sai dai wuta ta mutu.

Likitar ba haka ta ce ba, kuma a gabana ta faɗa. Mace ce marar yawan magana, amma da ta ji aikina sai ta zaunar da ni ta yi mini bayani kamar ɗalibi, na kuma ƙaru. Ta ce ƙarfen wuri ɗaya ya buɗe, sauran hanyar tana nan yadda take, kuma jinin da ya toshe ta da farko shi ne zai ci gaba da bi ta ciki. Wanda aka yi wa aiki, in mugun kitsensa ya zauna a sama, shi ne ya fi yawan dawo musu, ko dai wurin ƙarfen ya sake tsukewa ko wani wurin ya toshe. Ta ce a mutum irin Mamman ba ta yarda da adadin da ake cewa lafiya lau ga sauran mutane ba, tana son nasa ya sauka ƙasa da biyu a ma'auninmu. Ta ce in riƙa duba maiƙo da kitsen kirki tare, don in maiƙo ya hau shi kuma mai sharar ya yi ƙasa, wannan ma alama ce ta wanda za a sa wa ido. Sannan ta gargaɗe ni kada in yi gaggawar aunawa da zarar ya dawo gida, domin bayan irin wannan bugu kitsen yakan faɗi da kansa na ɗan lokaci, ka ga lamba mai kyau ka yi murna, alhali ba gaskiyar mutumin ba ce. Wannan duk babu wanda injinku zai tofo muku.

Awon farko da na yi masa bayan ya murmure, mugun kitsen ya ba ni uku da rabi da 'yan kai. Na ce bai sauka yadda ake so ba. Ya ce injina ne ya tsufa kamar mai shi. Bai daɗe ba sai ga shi ya faka mota a bakin tasha ya shigo yana kaɗa wata takarda, da direbobi biyu a bayansa don su yi shaida. Ya je wani ɗakin gwaji a Maraɗi, sun auna, sun rubuta masa ɗaya da ɗigo huɗu.

Ya ce, "Ka gani ko? Kitsena ba shi da takardun tsallaka iyaka. In na tahi gida, nan Magama shika tsayawa shi jira ni."

Na karɓi takardar na duba. Aikinsu mai kyau ne, ba su yi kuskure ba ko kaɗan. Su dai da ma'aunin Faransa suke rubutu, mu da wani. Sai ka ninka nasu sau biyu da rabi da ɗan ɗori kafin ya zama namu. Na ninka a gabansa, ya faɗo daidai kan uku da rabin da na ba shi. Na tambaye shi, in ya sayi galan ɗaya na mai a wuri, wani ya sayar masa da lita huɗu, wanne ne ya fi yawa? Shaidun da ya kawo su suka fara yi masa dariya. Ku da za ku yi aiki a bakin iyaka, takardun can za su riƙa zuwa hannunku. Kada ku karanta lamba ku tsaya, ku dubi 'yan ƙananan haruffan da ke gefenta. Lambar da za ta sa ka taya mutum murna a nan, a can tana nufin ya koma wurin likita.

A ranar ne ya amsa cewa ƙwayar kitsen sai ya tuna yake sha, kuma ba ya cika tunawa. Ban yi masa wa'azi ba. Matarsa Hajiya Zinatu na kira a waya, a gabansa. Daga nan magani ya koma hannunta, in yana gida ta tsaya a kansa, in yana hanya ta kira yaron motarsa. Man shanu ya bar tuwonsa, ya ce an mayar da shi maraya. Amma lambar ta yi ta sauka har ta shiga inda likita take so, ya kuma riƙa zuwa awo da kansa yana zagina yana naɗe hannun riga.

Kada dai ku ɗauka duba irin na bokaye muke yi. Akwai wani dattijo manomi daga ƙauyen Kusa da aka yi wa irin wannan aiki, mutum mai bin doka, bai taɓa tsallake magani ba, lambobinsa kullum kamar an zana. Wata damina yana gona Allah ya karɓi abinsa. Lamba tana gaya maka wanda ya fi kusa da rami ne, ba ta gaya maka ranar kowa. In mai jinya ya tambaye ku ko zai rayu, ku gaya masa abin da kuka auna, ku tura shi wurin likita, ku bar wa Allah nasa.

Shekarar da aka rufe iyaka ita ce mafi muni da na gani a wannan ɗaki. Manyan motoci suka yi layi har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu, tasha ta mutu, mai shayi ma ya koma ƙauye. Mutanen Maraɗi da ke cika mini benci suka ɗauke ƙafa. Wuta ta yi ƙaura, man janareta ya fi ƙarfina, ga sinadarin auna kitse ba ya son zafi ko kaɗan. Na sa kwalaben a cikin randa, na binne gindinta a jiƙaƙƙen yashi, na lulluɓe da buhu ina yayyafa ruwa. Ya ɗan riƙe. Wata safiya na auna wancan ruwan jini da aka san adadinsa, inji ya ba ni abin da ko kusa bai kai ba. Sinadarin ya mutu. Abin tsoron shi ne mataccen sinadari ba ya ƙin ba da lamba, yana bayarwa, kuma ƙarama yake bayarwa, irin wadda mai jinya ke son ji. Na zubar da shi, na rubuta a ƙofa cewa babu awon kitse. Wasu suka yi fushi suka tafi inda za a ba su takarda. Ban hana kowa ba.

Mamman yana can ɓangarensu a lokacin, mota a fake, ba aiki. Na daɗe ban gan shi ba, in na kira ya ce lafiya lau, har ya yi ƙiba. Sai ga shi an yi haihuwa a gidanmu, ya biyo ɗan kabu-kabu ta daji ya zo suna. Muna dawowa daga masallaci a ƙafa, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, na ga ya tsaya yana duba waya. Muka ɗan ƙara gaba ya sake tsayawa, wai takalmi ne ya shige masa da tsakuwa. Na lura duk tsayawar da zai yi, hannunsa na dama yana kan ƙirji. Na shiga cikin gida na tambayi Hajiya Zinatu, da yake ita ma ta zo sunan, ta ce maganin a nan Jibiya suka saba saye, da hanya ta rufe ya ƙare, shi kuma ya hana ta nema a can, ya ce ya warke, abin da ke hannu a sayi hatsi.

Abin da na gani a hanyar masallaci kaɗai ya isa a kai mutum asibiti. Na gaya masa, ya ce gajiyar babur ce. Na san halinsa, Mamman ba ya yarda da ƙirjinsa, amma ya koyi jin tsoron lamba. Ni kuma ga shi ba ni da abin aunawa. Da asuba na tsare shi, na ɗebi jinin, na ciro tsohon injin hannu daga ƙarƙashin tebur na kakkaɓe shi, na yi ta juyawa har ruwan ya rabu. Na tsiyaye shi a 'yar kwalba, na sayi ƙanƙara na zuba a fulas ɗin shayi, na tura kwalbar ciki, na ba direban motar farko mai zuwa Katsina ya kai wa wani abokin aikina da ke da sola. Kafin azahar ya kira ni. Mugun kitsen ya koma inda yake tun kafin a yi aiki, maiƙo ya hau, na kirkin ya faɗi.

Na sa wayar a kunnen Mamman ya ji da kansa. Na kira likitar Kano na gaya mata lambobin da tsaye-tsayen da yake yi a hanya, ta ce kada mu kwana. Wannan karon da ƙafarsa ya shiga mota. Da suka duba, hanyar ta tsuke dab da bakin tsohon ƙarfen, saura ƙiris ta rufe. Suka buɗa ta tun zuciyar ba ta ji rauni ba. Da aka fito da shi bai yi maganar sabon inji ba. Ya dai ce fulas ɗin da na aika da jininsa kada in kuskura in ba shi shayi a ciki.

Kafin a sallame mu likitar ta yi masa wata tambaya. Ta ce mutum siriri haka, mai aikin ƙarfi, da kitse mai taurin kai irin wannan, akwai wanda ya mutu farat ɗaya a gidansu yana da sauran ƙarfi? Mamman ya ce mahaifinsa a kasuwa ya faɗi yana cikin ciniki, furfura ma ba ta gama fito masa ba, aka ce iska ce. Wan Mamman ɗin ma haka ya tafi. Ta ce to akwai irin wannan kitse da ake gado, ba ruwansa da ƙiba ko rama, kuma tun mutum yana yaro yake fara aikinsa. Ta ce ya kai 'ya'yansa duka a auna su.

Bayan an buɗe hanya na sami sabon sinadari, na haɗa 'yar sola ta firji, sai ga shi ya zo da su, manya da ƙanana, ya jera su a kan wannan benci da kuke zaune, shi da kansa yana bin su ɗaya-ɗaya yana tambayar wanda ya sha shayi. Yawancinsu suka fito lafiya. Sai babban ɗansa Habu, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda Mamman ya sakar wa motar tun bayan aiki na biyu. Siriri ne kamar ubansa, bai taɓa kwanciya ciwo ba. Lambarsa ta kusa kamo ta uban. Na sake ɗibar wani jinin na sake aunawa kafin in buɗe baki.

Na sallami sauran, na zaunar da su su biyu na faɗa musu. Habu ya yi murmushi irin na wanda bai gane ba. Mamman kuwa ya gane sarai. Sai ya kira ni da sunana na gaskiya, wanda tun muna yara ban taɓa ji a bakinsa ba.

Ya ce, "Malam Isuhu, shi ma sai an sa mashi ƙarhen?"

Na ce ban san gaibu ba, amma shi Mamman an gano nasa ne bayan hanya ta riga ta tsuke, Habu kuwa an gano tun da sauran fili. In ya je wurin likita yanzu, ya riƙe magani, ya riƙa zuwa awo, ana sa ran ba zai kai can ba. Don wannan ake yin gwajin tun farko.

Mamman ya gyaɗa kai. Ya miƙa wa ɗansa hannu ya ce ya ba shi makullin mota. Habu ya ciro ya ba shi, yana duban fuskarsa. Mamman ya jujjuya makullin a tafin hannunsa, sannan ya ce, "Mota na ba ka, ban sani ba ashe har da wanga abu na haɗa maka. Motar taka ce. Amma gobe Kano za ka, a motar haya. Ran da ka kawo mani takardar likita da ƙwayarka a aljihu, ka zo ka amshi makullinka."

Ya jefa shi cikin aljihun gaban rigarsa, ya tashi. Mako guda motar tana fake a bakin tasha da lodin albasa na jiranta, masu kaya suna ta zarya suna roƙonsa, bai ko ɗaga kai ba sai da Habu ya dawo.